Jinginar Hoto a Kan Buhun Hatsi

Aikina a buronmu, wato ofishinmu na Ƙonni, shi ne rufe kati. In dangi suka tambaye ni me nake yi, sai in ce ina aiki da proje, su ce madalla su wuce, domin a garin nan duk wanda aka gani cikin farar mota ba a neman ƙarin bayani a wurinsa. Gaskiya motar ba kasafai nake shigarta ba. Ina zaune ne a ɗakin ƙurya gaban kwamfuta, in ba kuran, wato lantarki, nake jira ya dawo ba, to rizon intanet nake jira ya kama.

Muna da manhaja guda da muke bin aikin proje da ita. Ba a cikin kwamfutata take zaune ba, tana can cikin manyan injuna a wata ƙasa da ba wanda ya taɓa zuwa a cikinmu, mu dai mu shiga da kod, lambar sirri, mu ga kayanmu. Kowane aiki yana da katinsa, ko rijiya ce za a yashe a wajen Tsarnawa, ko fako za a haƙa wa ramuka a Illela, ko taron mata a Malbaza. Kati yana farawa daga layin abin da za a yi, ya koma layin abin da ake yi, in Allah ya so ya ƙare a layin abin da aka gama. Ma'aikatanmu na ƙauye su ke liƙa masa hoto da bayani daga salularsu, ni kuma in duba, in komai ya cika in rufe. Da yake ni ce mai rufewa, ni aka ba babban kod, wanda ke buɗe komai, ya kuma goge komai. 'Yan buro suna kirana mai makulli, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi a lokacin.

Tare da kod ɗin aka turo mini wata takarda daga babban buronmu na Yamai, ƙa'idar ajiya da gogewa. Na karanta ta har na kusa haddace ta, saboda ni aka ce in saita ta cikin manhaja. Abu biyu take faɗa. Na farko, duk abin da ke ɗauke da fuskar mutum ko sunansa amana ne, ba a barinsa ya dawwama, in wa'adinsa ya cika dole ya gogu. Na biyu, duk abin da ke shaida cewa tallafi ya kai hannun mai shi, ba mai taɓa shi sai ya shekara biyar bayan rufe katinsa, don masu bincike suna iya faɗowa ko yaushe su ce a nuna musu. Ni na ɗaura wa kowane irin kati agogonsa da hannuna. Ranar da na gama har shayi na saya wa 'yan buro, ina ganin na yi aikin da zai rufa wa talakawa asiri.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba. Proje ya ajiye zancen rijiyoyi ya koma rabon hatsi. Aka ce kowane buhu da katinsa, kowane kati da hotonsa, mai karɓa ya tsaya kusa da buhu, fuskarsa a fili, tambarin proje a fili. In babu hoto katin ba ya rufuwa, ko ka danna har yatsanka ya yi ciwo. Watanni na yi ina kallon fuskokin mutanen da yunwa ta tsotse, duk a filin lakwal, makarantar boko, ko gindin wani bango, har na daina bambanta su. In na koma gida sai in kasa cin tuwo, uwata ta ce aikin buro ya sa mini girman kai.

Hoto ɗaya ne ya tsayar da ni, don a cikin gona aka ɗauke shi, ba kowa a bayan mai shi sai busassun karare. Dattijo ne. Wanda ya turo katin ma'aikacinmu ne na wajen Illela, magidanci mai furfura kaɗan a gemu, wanda ba ya magana sai an matsa masa. Na kira shi na ce me ya kai rabon hatsi cikin gona. Ya ce, "Madam, huska ta hito? Tambari ya hito? To ki ruhe." Amsar ta ba ni haushi, don ni ba a gajarce mini magana, duk buro an sani. Amma kati ya cika sharaɗi, sai na rufe.

Damina ta gaba Allah ya yi ruwa. Bayan kaka, wata safiya mai gadi ya leƙo ya ce wani tsoho na nemana, ya zo da kaya. Na fito na tarar ɗan kabu-kabu na sauke buhu a bakin ƙofa, wani dogon dattijo na tsaye kusa da sandarsa. Sai da ya juyo na gane shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, gida da iyali da gajiya, bai yi sauri ba. Sannan ya ce, "Ke ta mai makulli?"

Na ce, "Ni ta, Baba."

Ya nuna buhun da sanda. "Ga hatsinku na maido. Ban rage ko tiya guda ba, na ma ƙara. Ki ba ni hotona in koma, kada motar Illela ta tahi ta bar ni."

Ban gane komai ba. Na zaunar da shi kan benci a inuwa, na sa aka kawo masa ruwa, na zaga bayan buro na kira ma'aikacin namu. Wannan karon ban bar shi ya gajarce mini ba.

Gidan dattijon nan, in ji shi, shi ne gidan da ke ciyar da ƙauyensu tun zamanin ubansa. Akwai wani babban rumbun laka a bayan gidan, wanda in shekara ta yi muni ake buɗewa a auna wa mutane. Shi kansa ma'aikacin namu ya ci daga rumbun nan yana ƙarami, lokacin da ubansa ya tafi cirani bai dawo ba. To shekarun da suka gabaci farin sun riga sun cinye rumbun a hankali, tiya nan tiya can, ba wanda ya lura. Da farin ya zo babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Dattijo ya kwaɓa laka ya liƙe bakinsa yadda ake liƙe cikakken rumbu. Duk wanda ya zo roƙo sai ya ce masa lokacin buɗewa bai yi ba. Mutane suka fara cewa tsufa ya sa masa rowa, har a ƙofar masallaci ana yi masa habaici, yana ji yana haɗiyewa. Ya gwammace a kira shi marowaci da a ce gidan ubansa ya ƙare a hannunsa. 'Ya'yansa maza suna can cirani, in sun kira sai ya ce musu gida lafiya, hatsi na nan. Uwargidansa kaɗai ta sani.

Ma'aikacin namu ya gane ne da ya ga abin da jikokin gidan ke ci. Ya san mutumin ba zai shiga layi a filin lakwal ba ko da kashe shi za a yi. Sai ya bari ranar kasuwar Illela, da ƙauye ya watse, ya ɗaura buhu a moto, wato babur, ya kai masa gona. Dattijo ya ƙi karɓa sai da aka ce masa aro ne. Da aka zo maganar hoto ya sake ƙi, sai ma'aikacin ya ce masa hoton jingina ce, irin wadda ake ajiyewa in an ari abu, ranar da ya maido hatsi za a maido masa hotonsa. A kan haka ya tsaya aka ɗauka.

Na ce, "Kai ka yi alkawari da abin da ba naka ba! Wa ya ba ka wanga iko?"

Ya ce, "Madam, ganye jikokinshi ka ci, ba gishiri. Mi ki ka so in ce mishi?"

Na kashe salular a kunnensa.

Na tafi wurin shef, shugaban buronmu. Shef ɗinmu mutumin kirki ne, amma ko tari zai yi sai ya tuna abin da Yamai za ta ce. Ya saurare ni yana murza goshi, ya ce ba mu da layin karɓar hatsi, mu masu bayarwa ne, in buhu ya shigo ba takarda to mu ne za mu yi bayani. Hoto kuwa ni na fi kowa sanin ƙa'ida, ni na saita ta. Ya ce in rubuta wa Yamai, in kuma lallashi tsohon ya ɗauki kayansa. Ya koma kan takardunsa da sauri kamar wanda ya tsallake kududdufi.

Na shigo da dattijo ɗakina. Ya ce in rufe ƙofa, na rufe. Na buɗe katin na juya masa kwamfutar. Ya duba sau ɗaya ya kau da kai, bai sake dubawa ba. Ya gaya mini wani maƙwabcinsa ya dawo daga Legas da salula cike da hotunan mutanen wata ƙasa suna karɓar abinci, ana ta miƙa salular hannu zuwa hannu a majalisa, ana cewa wannan ya yi kama da wane, ana dariya. Tun ranar barci bai ƙara yi masa daɗi ba.

Ya ce, "Wa ka iya ganin wanga?"

Na ce ni, da shef, da na Yamai, da masu proje na ƙasar waje, da masu bincike in sun zo.

"'Yan garinmu hwa?"

"Sai in wani ya ɗauke shi daga nan ya tura musu."

"Ana iya ɗaukewa ke nan."

Na ce ana iyawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, da shef, da ma'aikacin, da takardar da na sha shayi a kanta. Na ce masa ni ke da makulli, in ya so yanzun nan in danna hoton ya ɓace daga gabanmu, abin da zai biyo baya ya biyo. Fuskarsa ta saki kaɗan. Amma dattijon ba yaro ba ne, ya ce, "In kin danna, kina rantsuwa da Allah babu shi ko'ina?"

Nan na yi masa bayani yadda zan iya. In na goge, hoton zai faɗa kwandon shara ne, ya yi wata guda a can, duk mai babban kod yana iya tsamo shi. Ko na zubar da kwandon, masu manhajar suna da kwafin ajiya da suke yi kullum don kada wani abu ya salwanta, kuma Yamai na iya cewa su maido. Sannan manhajar da kanta za ta rubuta cewa wance ta goge hoton wane, sai masu bincike su zo su ce wane ne wannan da aka ɓoye, su je har ƙauyensu su tambaya. Ina faɗa ina jin kunyar abin da nake faɗa. A garinsu in ka karɓi jinginarka ka sa aljihu magana ta ƙare, ni kuwa ina gaya masa jinginarsa ta haihu a wuraren da ban sani ba.

Ya ce, "To bar shi, ɗiyata, kada ki danna. Yaushe shi ka mutuwa da kanshi?"

Na duba agogon katin na mayar masa da shi lissafin manoma, na ce damina huɗu ta rage. Ya ce Allah shi kai mu, in da rabon gani. Na roƙe shi ya tafi da hatsinsa, ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi ya cika nashi, saura namu. Ya ɗauki sandarsa, na raka shi bakin titi na tare masa kabu-kabu zuwa tasha.

Na rubuta wa Yamai, na zuba duk faransancin da na sani. Amsa ta zo cikin ladabi. Sun ce buƙatar mutumin tana kan hanya, hakkinsa ne ya nema, amma shaidar rabo ba ta goguwa kafin wa'adi. Za a rage masu iya ganin hoton. Kuma don kada a manta da maganar, sun buɗe mata sabon kati a manhaja, katin buƙatar gogewa. Na buɗe na gani. Sun rubuta sunansa cikakke, da sunan ƙauyensa, da dalilin da ya sa yake son a goge, duk abin da na rubuta musu a asirce, sun kuma ɗaura shi da katin hoton. Mutumin da ya zo a cire shi daga wuri ɗaya, sai ga shi a wuri biyu, na biyun ma da cikakken labari. Shi ma sabon katin yana da agogonsa, wanda ba zai fara tafiya ba sai an rufe shi. Ranar na yi faɗa da duk wanda ya shigo ɗakina, har da mai sharar da ba ta san komai ba.

Buhun kuwa ya zauna a lungun baranda, ba mai ikon karɓa, ba mai ikon zubarwa. Kowa ya wuce sai ya kauce masa. Hatsi ne mai kyau, an sussuke shi an sheƙe tas. Muna kallo ƙwari suka shige shi, gari ya fara zubowa ta ɗinkin. Da wari ya fara, shef ya ce wa mai gadi ya san yadda zai yi da shi, kada dai ya gaya masa. Kajin mai gadi ne suka ci abin da ya rage.

Daga nan kowace kaka, in ma'aikacin Illela ya zo taron buro, sai ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Baba na gaishe ki, ya ce nawa ta rage?" Sai in buɗe katin in duba agogon, ko da yake na sani, in gaya masa. Mun shirya da shi tuni, faɗan da muka yi bai kai ko'ina ba. Shi ke ba ni labari. Uwargidan dattijo ta rasu. Da kaka ta yi kyau dattijo da kansa ya hau tsani ya cika rumbun, da tsufansa, bai bar kowa ya leƙa ciki ba. Sunan marowaci kuwa ya bi shi, har yara sun tashi da shi. Ni ma cikin shekarun nan na yi aure, na haihu, uwata ta rasu, amma duk lokacin da na ga an fara yankan hatsi a hanyar Tsarnawa sai dattijon ya faɗo mini a rai.

Saura 'yan watanni wa'adi ya cika aka turo saƙo daga Yamai. Wai an ɓatar da buhuna a wata jiha can nesa da mu, an buɗe bincike, don haka a tsayar da duk wata gogewa a faɗin proje har sai an ba da sanarwa. Ba ruwanmu da jihar, ba ruwan dattijo da buhunan, amma manhaja ɗaya ce, ƙa'ida ɗaya ce. Kuma ba wanda zai tsayar da agogon a ɓangarenmu sai mai makulli. Na yi kwanaki ina kewaya abin, ina cewa rizo ba kyau, har Yamai ta kira shef, shef ya zo ya tsaya a kaina. Na danna, duk agogunan suka tsaya cik. Na kira ma'aikacin na gaya masa. Ya ce ba zai iya kai wannan magana ba, na ce dole ya kai, tsohon yana ƙirga damina. Da ya dawo na tambaye shi me Baba ya ce. Ya ce, "Ya ce ya ji."

Sanarwar ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ya zo shi ne labarin masu proje za su tattara su tafi. Aka fara sallamar mutane, aka kwashe farar mota, aka zo aka ƙirga kujeru. Wata safiya na sa kod ɗina manhaja ta ƙi ni. Na sake sawa a hankali, ta sake ƙi. Haka makullin ya fita hannuna, ba wanda ya ko ce in miƙo shi. Na kira mutumin Yamai da ke kula da manhajar, ya ce shi ma an sallame shi. Na tambaye shi katunanmu fa. Ya ce bai sani ba. Ya ce in an daina biyan masu manhajar, su da kansu sukan share komai bayan wani lokaci. Amma kuma da yake akwai bincike, mai yiwuwa an kwashe komai an kai babban buro na ƙasar waje kafin a rufe. Na ce wa zan tambaya. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi ya ce in na samo shi in ba shi lambarsa shi ma.

Muka koma Malbaza inda mijina ya samu aiki. Na kama wani ɗan shago a bakin hanya ina buga wa mutane takardu, manyan motocin siminti na wucewa suna girgiza mini tebur. Ina nan wata rana tsohon ma'aikacin Illela ya kira ni. Shi ya koma noman albasa. Ya ce Baba ba lafiya, ya kwanta, 'ya'yansa duk sun dawo daga cirani, kuma yana ta cewa a kira masa mai makulli.

Na bar yara wurin maƙwabciya na shiga mota zuwa Illela, shi kuma ya ɗauke ni a moto daga tasha. A hanya yana tuƙi yana magana, mutumin da ba ya magana. Ya ce, "Ki ce mishi an goge. Mi za ki rasa? Shekarun sun wuce ai. Ki bar tsoho shi tahi da kwanciyar rai." Na ce to. Da gaske na ce to ɗin, don ni ma abin da nake so ke nan. Har na shirya yadda zan faɗa, da murmushi, in ce Baba albishirinka.

Gidan cike yake da mutane. Aka shigar da mu ɗakinsa, yana kwance kan tabarma an jingina shi da matashi, ya rame har na ga kamar ya rage tsawo. 'Ya'yansa uku na zaune, manyan magidanta, babban har da furfura. Bayan gaisuwa ya ce su ba mu wuri. Suka dubi juna, suka dube ni, baƙuwar mace da ba su taɓa gani ba, suka fita.

Ya ce, "Ɗiyata, kin tsufa ke ma."

Na ce, "Yara na, Baba, ba su barin mutum."

Ya ce, "Ina maganarmu?"

Na ce wa'adi ya daɗe da cika, proje ya tashi, an rufe komai, hoton ya tafi. Na faɗa da murmushin da na shirya. Ya dube ni, idonsa bai tsufa ba ko kaɗan.

"Kin gani da idonki?"

Na ce an karɓe makullin kafin in gani.

"To ki ce wallahi babu shi ko'ina."

Ma'aikacin ya taɓa ƙafata da tasa. Na buɗe baki. Ni mai saurin baki ce, na sha faɗin abin da na yi nadama, amma ban taɓa rantsuwa da Allah a kan abin da ban sani ba, balle a gaban mutumin da ke shirin zuwa gabansa. Na so in iya, har yau ina jin zafin rashin iyawar. Na ce, "Baba, ban sani ba. Wataƙila an share shi tuni. Ko shina nan ma, can wata ƙasa shi ke, babu mai neman shi, babu wanda ya san ka."

Ya ce, "Wataƙila."

Na ce, "Wataƙila, Baba."

Ya rufe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi. Ana jin mata na daka a tsakar gida. Can ya buɗe ido ya ce wa ma'aikacin ya kira masa 'ya'yansa. Na gane abin da zai yi, na ce don Allah kada ya yi, shekara nawa yana riƙe da abin nan, kuma mai yiwuwa hoton ma babu shi a duniya. Ya ce, "In shina nan, wata rana shi hito ga salular wani, ni ina ƙasa ba ni iya cewa komi. Gara su ji ga bakina."

Suka shigo suka zauna. Na yunƙura zan fita ya ce in zauna. Ya fara daga shekarar farin, ya ce rumbun da suka san a liƙe babu ko zangarniya ɗaya a cikinsa, ya ce duk kiran da suka yi ya ce musu hatsi na nan ƙarya ya yi musu. Babban ya ce, "Baba, da ka hwaɗa muna ai da mun aiko," tsohon ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Ya faɗi ganyen da 'ya'yansu suka ci, ya faɗi ranar kasuwa, da gonar, da buhun sadaka da ya karɓa da hannunsa, shi ɗan gidan da ba a taɓa miƙa wa ba. Ƙaramin cikinsu ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Har ya zo kan maganar hoton. Sai ya nuna ni da hannu ya ce, "Ni sau guda nid duba, ban iya ƙarawa ba. Ita ta gan shi da kyau. Ɗiyata, hwaɗa musu yadda ni ke a ciki."

Su ukun suka juyo suna kallona, suna jira.